Muhawara: Dakon kaya a kan Kilimanjaro, arziki ne ko cin gumi?

Alhaji Nasiru: Salamu alaikum jama'a. Ina da magana, kuma ina so a faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Yarona ya nace sai ya hau dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya idan ya gama karatu, ni kuma na riga na yi masa alkawari. Ya kawo mini farashin kamfani biyu, hanya ɗaya ce ta Machame, kwana bakwai. Ɗaya dala 1,300, ɗayan dala 2,200. Mai tsadar ya rubuta wai bambancin saboda yana kyautata wa 'yan dako ne. Ni dai ban yarda ba. A ganina ɗan dakon dutsen nan ba abin tausayi ba ne. Gwamnatinsu ta yanka masa dala 10 a rana, ga abinci, ga tukuicin baƙi wanda sau da yawa yakan kai ladan kansa. Mutumin da bai yi boko ba, wane aiki ne zai ba shi haka a ƙauyensu? Masu kukan ana zaluntarsu, ko dai ba su san talauci ba, ko kuma hanyar ƙara wa baƙo kuɗi suke nema.

Usman: Wa alaikumus salam, Baba Alhaji. Da girmamawa, ni abin gaba ɗayansa ne yake ɓata mini rai. Mutum lafiyarsa ƙalau ya rataya 'yar jaka mai ruwa da kyamara, a bayansa mutum uku ko huɗu na ɗauke da tantinsa da katifarsa da tukunyar gas, har da kujerar da zai zauna ya ci abinci, wani lokaci har da masai na tafi-da-gidanka. Idan an kai ƙololuwa shi kaɗai ake ba takardar shaida. Tun 1889 da Hans Meyer da Ludwig Purtscheller suka taka saman dutsen, sunan baƙo ake rubutawa. Wanda ba zai iya ɗaukar kayansa ba ya zauna a gida.

Bashir: Usman ƙanena, bi a hankali. Idan baƙi suka zauna a gida, wa ka taimaka? Na yi shekara biyu ina aiki a garin Arusha na Tanzaniya, na kuma je ƙofar Machame, inda ake fara hawan, ba sau ɗaya ba. Ka je da sassafe a watan Yuli ko Agusta ka ga maza tsaye a bakin shinge, kowa da 'yar jakarsa, suna jira ko wani zai kasa zuwa a ɗauke su a madadinsa. Ba wanda ya jawo su. A 2019 da gwamnati ta fito da maganar kafa keken nan mai tafiya a kan igiyar ƙarfe don ya riƙa ɗaga baƙi sama, 'yan dakon ne a sahun gaban masu cewa ba su yarda ba, domin abincinsu za a taɓa. Kuma akwai binciken da cibiyar ODI ta Ingila ta fitar a 2009, wanda ya ƙiyasta 'yan dako wajen 10,000 ne ke cin abinci a dutsen, kuma kashi 28 cikin ɗari na abin da masu hawa ke kashewa a ƙasar yana shiga hannun talakawa, kimanin dala miliyan 13 a shekara. Da wuya ka sami harkar yawon buɗe ido da talaka ke samun kaso irin wannan. Na san waɗanda suka fara da dako, suka koyi Turanci a bakin baƙi, suka zama 'yan jagora masu lasisi, yau suna da gidan kansu a Moshi, garin da ke gindin dutsen. Shi kansa Tenzing Norgay da ya hau Everest tare da Edmund Hillary a 1953, da dako ya fara a 1935.

Alhaji Nasiru: Madalla, Bashir. Abin da nake faɗa ke nan. Da babu gara ba daɗi.

Habibu: Alhaji, ranka ya daɗe, kafin a yi nisa a zo a yi lissafi, tunda kai ɗan kasuwa ne ka fi ni sanin inda riba ke fitowa. Akwai kuɗin da hukumar gandun dajin da dutsen ke ciki ke karɓa a kan kowane baƙo, kuma ba a neman ragi a kansa. A 'yan shekarun nan, kuɗin shiga dala 70 ne a kowace rana, kuɗin kafa tanti dala 50 a kowane dare, kuɗin ceto dala 20, sannan a ɗora harajin VAT kashi 18. Kwana bakwai sau 70, dala 490. Dare shida sau 50, dala 300. Da na ceto, 810. Da haraji ya haura dala 950. To wanda ya ce a ba shi 1,300, saura nawa a hannunsa? Bai kai 350 ba. A cikin wannan zai biya ɗan jagora, wanda ladansa a takarda dala 20 ne a rana, ya biya kuku, ya ciyar da baƙo da ma'aikata har mako guda, ya yi hayar mota zuwa ƙofa da dawowa, ya gyara tanti, ya kuma ci riba. 'Yan dako uku kawai, kwana bakwai, a kan dala 10, dala 210 ne. Lissafin ba ya fita, Alhaji. Gwamnati ba ta ragi, mai mota ba ya ragi, baƙo ba zai yarda a rage masa abinci ba. Wanda ake iya rage wa shi ne wanda ke tsaye bakin shingen nan da Bashir ya gani, domin idan ya ƙi, akwai goma a bayansa.

Alhaji Nasiru: To na ji. Amma wa ya ce maka mai 2,200 ɗin ba aljihunsa yake zuba bambancin ba?

Habibu: Babu wanda ya ce. Nan kam kana da gaskiya. Tsada ba ta nuna an biya ɗan dako. Sai dai arahar da ta kai irin wannan tana nuna ba a biya shi cikakke ba, don babu inda kuɗin zai fito. Sannan ita dala 10 ɗin ma ba dala ake ba su a hannu ba. An daɗe ana riƙe da shilin 20,000 na Tanzaniya a rana a matsayin mafi ƙarancin lada. Lokacin da aka tsayar da shi ya yi kusa da dala 10, amma shilin ya yi ta faɗuwa, ya koma wajen dala 8. Mako guda a kan dutse, shilin 140,000 ke nan, ga wanda aka biya yadda aka ce.

Hajiya Maryam: Alhaji, ina ta karantawa ina jinkirin sa baki, domin abin da zan faɗa da nawa laifin a ciki. Na hau dutsen nan ta wannan hanyar da yaronka ke so, mu biyar, kuma mai arahar muka zaɓa. Ba zan kama sunan kamfanin ba.

A ƙofa akwai sikeli. Doka ita ce kayan kamfani da ɗan dako zai ɗauka kada su wuce kilo 20, ban da nasa na sawa da na kwanciya. Na ga an auna komai a gabanmu, har aka cire wani abu daga buhun wani aka ƙara wa wani, na ce kai, wannan tsari ya yi. Na ƙirga su sha takwas. Washegari da yamma a zango na biyu na sake ƙirgawa, sha huɗu. Na tambayi ɗan jagoranmu, ya ce wasu sun yi gaba. Sai daga baya na gane an sallami huɗu ne bayan an wuce sikeli, aka raba kayansu a kan sauran.

Akwai wani yaro a cikinsu, ba zai wuce shekara ashirin ba, shi ke ɗauke da tantin cin abinci a ka, ga jaka a baya, ga jarkar ruwa a hannu. Ranar da muka zo katangar Barranco, inda sai ka sa hannu biyu ka kama dutse kafin ka hau, mu muna rarrafe, shi ya ratsa ta gefenmu da kayan nan a ka, hannu ɗaya ya dafe kaya ɗaya ya dafe dutse. Na dubi ƙafarsa, takalmin kambas ne da gabansa ya buɗe, ya ɗaure da igiyar leda, ana ganin safa. Ni kuwa takalmin da ke ƙafata ya fi ladansa na mako biyu. Ya ce mini "pole pole", wato sannu a hankali, yana murmushi, ya wuce.

Zangon Barafu, wanda daga shi ake tashi cikin dare a nufi ƙololuwa, ya haura mita 4,600 kuma babu ruwa a wurin. Ruwan ƙarshe yana can ƙasa a kwarin Karanga. Da muka isa mun tarar an kafa tanti, aka kawo mana ruwan ɗumi a roba mu wanke hannu da fuska. Ina cikin wankewa na hango yaron nan da wasu biyu suna gangarawa da jarkoki, za su koma ɗebo wani, bayan sun riga sun hawo da kaya. Wallahi ruwan nan da na wanke fuska da shi har yau yana raina. Da dare na fito, na haska fitila cikin tantin cin abinci, sai na gan su a kwance a jere kamar an shirya itace, wasu ba jakar barci, bargo ɗaya su biyu. Ashe duk daren da muka zauna muna hira bayan cin abinci, a waje suke tsaye cikin sanyi suna jiran mu tashi su samu wurin kwana.

Bashir: Hajiya, wannan na jiran tanti gaskiya ne, na sha jin sa daga bakinsu.

Hajiya Maryam: Saura maganar tukuici da Alhaji ya dogara da ita. Safiyar ƙarshe a zangon Mweka suka taru suka yi mana waƙa da tafi. Muka haɗa kuɗi a ambulan ɗaya muka miƙa wa babban ɗan jagora, kamar yadda ya ce al'adar take, shi zai raba. Da muka sauko ƙofa na ja yaron nan gefe, mataimakin kuku ya yi mana tafinta, na tambaye shi nawa ya samu. Abin da ya faɗa bai kai rabin abin da muka ware wa kowane mutum ba. Kuma ya ce kafin a sa sunansa a tafiyar sai da ya yi alkawarin zai ba da wani abu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na cire takalmina na ba shi, ya yi masa kaɗan, ya ce zai musanya da wani a gari.

Alhaji Nasiru: Hajiya, labarin nan ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Amma abin da kika ba da labarin mugun ɗan jagora ne da mugun kamfani. A kowace sana'a akwai maciya amana. Bai sa aikin kansa ya zama zalunci ba.

Dokta Rabi: Alhaji, bari in ɗauko ta wani gefen, domin har yanzu kuɗi ake ta ƙirgawa, ba a ƙirga abin da jiki ke biya ba. Mutane na ɗauka ɗan dako ɗan dutse ne, tsayi ba ya yi masa komai. Ba haka ba ne. Yawancinsu a gindin dutsen suke zaune ko ma a garuruwa masu nisa, jikinsu irin na kowa ne. Ƙololuwar Kilimanjaro mita 5,895 ce, kuma a can numfashi ɗaya kusan rabin iskar da yake kawowa a bakin teku yake kawowa. Ciwon hawan tsauni na farawa da ciwon kai da tashin zuciya, idan ya yi tsanani ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma yana kisa cikin sa'o'i. Abin da ke ƙara jawo shi shi ne hawa da sauri da aikin ƙarfi. To wa ke hawa da sauri? Baƙo ana ce masa sannu a hankali. Ɗan dako sai baƙo ya tashi zai naɗe tanti, sannan ya wuce shi a hanya ya riga shi isa ya kafa. Kullum cikin sauri yake, da kaya a ka, sau da yawa da cikin da bai cika ba.

Maganin ciwon shi ne a sauko da mutum nan take, kuma da rakiya. Amma wanda ya san idan ya ce ba shi da lafiya za a sallame shi, ya rasa ladan sauran kwanaki, ya rasa tukuicin ranar ƙarshe, wataƙila ma kada a sake ɗaukarsa, zai faɗa? Ɓoyewa zai yi. A 2002 'yan dako uku suka mutu da sanyi a dutsen nan da guguwa ta same su ba su da suturar kirki. A Nepal ma, ƙungiyar kare 'yan dako ta IPPG an kafa ta ne a 1997 bayan wani matashi ya kamu da ciwon nan, aka biya shi aka ce ya sauka shi kaɗai, ya mutu a hanya. Wannan ba halin mutum ɗaya ba ne, Alhaji, yadda aka gina biyan ne yake sa mutum ya zaɓi yin shiru.

Usman: Anti Dokta, ga na dutsen K2 ma a Pakistan, Yulin 2023. Wani ɗan dako, Muhammad Hassan, ya faɗi a wata siririyar hanya a tsayin mita 8,200, aka ga bidiyo mutane na tsallake shi suna wucewa sama. Ba shi da suturar da ta dace da wannan tsayi. A can ya cika.

Bashir: Allah ya jiƙansa. Amma Usman a yi adalci, wasu daga cikin waɗanda ke wurin sun ce sun daɗe suna ƙoƙarin taimakonsa, kuma wurin da ya faɗi ceto na da matuƙar wuya. Tambayar da ta fi ƙarfi ita ce wa ya tura shi can ba kayan aiki. Sannan K2 daban, Kilimanjaro daban, kada mu haɗa su mu tsorata Alhaji.

Sai dai akwai abin da zan janye daga maganata ta farko, bayan na ji Hajiya. Mu daina ninka ladan rana da kwana talatin. Aikin na lokaci ne. Waɗanda na sani, idan kasuwa ta buɗe sukan sami tafiya biyu ko uku a wata. Da ruwan sama ya sauka a Afrilu da Mayu sai a zauna, Nuwamba ma aiki na ja baya. Abin da aka samu a wata shida ko bakwai shi za a ci shekara da shi. Kuma babu fansho. Gwiwa da baya na gajiya da wuri, wanda bai samu ya zama kuku ko ɗan jagora ba, yana haura arba'in aikin ya fara fin ƙarfinsa. Masu gida a Moshi da na ambata suna nan, amma a cikin dubbai ne.

Alhaji Nasiru: Duk na ji. Amma ina nan kan bakata a abu ɗaya: ba a tilasta wa kowa ba. An faɗa masa lada, ya yarda, ya ɗauka. Ciniki ya faɗa.

Malam Isiyaku: Alhaji, ɗan'uwana, a nan zan saɓa maka. Yarda na inganta ciniki idan an cika abin da aka yarda a kai. Yaron da Hajiya ta ba da labari ya yarda da kilo 20 ne, aka ɗora masa na wani bayan an bar sikeli. Wannan tauye mudu ne, sai dai a jikin mutum aka yi shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Ya kuma yi umarni game da waɗanda ke ƙarƙashin hannunmu, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, idan kuwa an ɗora to a taimake su. Kai ba ka ɗauki yaran aiki da hannunka ba, amma kayan ɗanka za su ɗauka, kuma Habibu ya nuna maka da alƙalami cewa kuɗin ba ya isa. Kafin yau ba ka sani ba. Yanzu ka sani.

Kai kuma Usman, kada ka ce a ƙaurace. Dako sana'a ce ta halal, mai yin ta ya fi mai roƙo daraja nesa ba kusa ba. Ba ɗaukar kayan ne abin kunya ba.

Usman: Na ji, Malam. Amma har yanzu ina ganin kujera da tebur da masai ba dole ba ne a kan dutse. A rage kayan alatu mana.

Bashir: Kowace kujera da ka cire, ka rage aikin wani. Su da kansu ba za su gode maka ba.

Dokta Rabi: Shi ya sa ni ban damu da yawan kayan ba, na damu da a kan mutum nawa aka raba su. Kuma kilo 20 ɗin nan ba kowa ya same ta ba a duniya. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2005 ya auna 'yan dakon kasuwa a Nepal, masu kai haja Namche Bazaar da igiyar nan da suke ratayawa a goshi, namlo. A matsakaici maza na ɗauke da kashi 93 cikin ɗari na nauyin jikinsu. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya kuwa tun 1967 ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki sama da kilo 55 shi kaɗai. Inda aka samu iyaka, da gwagwarmaya aka samu. Ranar 18 ga Afrilun 2014 ƙanƙara ta rufto a Khumbu ta kashe ma'aikata 'yan Nepal 16 suna kai kayan baƙi sama a Everest. Gwamnatin Nepal ta fara cewa za ta ba kowane gida rufi 40,000 na kuɗin ƙasar, wajen dala 400. Sai da abokan aikinsu suka ajiye aikin wannan shekarar gaba ɗaya kafin aka ƙara kuɗin inshorar rai.

Habibu: A Peru ma haka. Hanyar Inka mai zuwa Machu Picchu tana da dokar 'yan dako ta musamman tun 2001, aka sake ta a 2022, kilo 20 ga maza, 15 ga mata. Kuma mutum 500 kawai ake bari su shiga hanyar a rana, har da ma'aikata, waɗanda su ne ma suka fi baƙi yawa. Amma sikeli a bakin ƙofa yake, ba ya bin mutum cikin daji.

Alhaji Nasiru: To ga shawara, ku gaya mini aibinta. Yaron ya bi mai araha, dala 900 da za ta rage in ba shi wani kaso mai kauri ya raba wa 'yan dakon hannu da hannu. Kuɗin ya tafi inda ake so, ba ta hannun kamfani ba.

Hajiya Maryam: Alhaji, da na san haka da na yi, kuma ya fi ambulan ɗaya sau dubu. Ko wane kamfani ya bi, ya kira kowa da sunansa a gaban kowa, ya faɗi adadin da ƙarfi, ya sa masa a hannu. Abin da ake ba da shawara wajen dala 6 zuwa 10 ne a rana ga kowane ɗan dako, daga ayarin gaba ɗaya. Amma tukuici ranar ƙarshe ake ba da shi. Ba zai rage nauyin da aka ɗauka kwana shida ba, ba zai sa musu tanti a Barafu ba, ba zai mayar da abinci sau ɗaya ya zama sau uku ba. Waɗancan huɗun da aka sallama a bayan sikeli ba su ga ko sisi ba, haka wanda ciwo ya saukar a rana ta uku. Kuma kamfanin da ya ga baƙi na cike giɓin, gobe sai ya ƙara rage lada ya ce musu ai za ku sami tukuici. Ladan mutum ya koma ya rataya a kan ko baƙo ya kai ƙololuwa yana cikin farin ciki, ko ya kasa ya sauko da fushi.

Bashir: Akwai hanyar dubawa da ba sai ka yarda da bakin kamfani ba. Ƙungiyar KPAP mai taimakon 'yan dakon Kilimanjaro tana Moshi tun 2003. Tana ba 'yan dako aron kayan sanyi kyauta, kuma kamfanonin da suka shiga tsarinta tana sa nata ɗan dakon a cikin tafiyarsu, yana dako kamar kowa yana kuma lura: nawa aka ɗora, sau nawa aka ci abinci, ina aka kwana, nawa aka biya, an biya cikin kwana biyu da saukowa ko an yi ta ja. Sunayen kamfanonin a fili suke. Shi mai 2,200 da ke cewa yana kyautatawa, a duba ko yana ciki. Idan ba ya ciki, maganarka ta farko a kansa na iya zama gaskiya. Kuma a cikin jerin akwai masu farashin da bai kai nasa ba.

Alhaji Nasiru: Har yanzu ban yarda shilin 20,000 da abinci da tukuici mugun samu ba ne ga wanda ya same su cikakku. A kan wannan ba ku kayar da ni ba.

Habibu: Ni ma ban ce mugun samu ba ne, ranka ya daɗe. Dokta ce za ta ce bai kai haɗarin ba.

Dokta Rabi: Bai kai ba. Baƙo ya biya dala 20 na ceto, ya zo da inshorarsa daga gida. Wanda ke ɗauke da kayansa, idan gwiwa ta tafi, shi da iyalinsa ne.

Alhaji Nasiru: To. Zan sa yaron ya rubuta wa kamfanonin biyu yau. Ya tambaye su ladan rana a shilin, da ranar biya, da inda 'yan dako ke kwana, da abin da ake yi wa wanda ya kwanta ciwo a hanya, ko ana biyansa sauran kwanakin. Wanda ya amsa a rubuce mu ci gaba da magana da shi, ko mai arahar ne.

Hajiya Maryam: Ya ƙara da guda ɗaya, Alhaji. Su ba shi adadin 'yan dakon da sunayensu tun kafin a tashi. Ya ƙirga su a ƙofa, ya sake ƙirgawa a zango na biyu.